Shirwa Ma Uwa Ce: Ki Ɗaga Kai Ki Ga Yadda Ake Reno A Saman Bishiya

Hausawa na cewa kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma duk wadda ta taɓa kiwon kaji a tsakar gida ta san ba ƙarya suka yi ba. Kina tsaka da wanke-wanke sai ki ji kaza ta yi wani irin kuka, 'yan tsaki sun watse, kafin ki ɗago kai an sure ɗaya. Shi ya sa yawancinmu ba mu san shirwa da komai ba sai sata. Amma kin taɓa tambayar kanki ina take kai abin da ta sura? In da rani ne, sau da yawa ba cikinta take kaiwa ba. Akwai wata sheƙa a ƙololuwar wata doguwar bishiya, wataƙila ma wadda kike bi ta ƙarƙashinta in za ki kasuwar Tudun Wada, da bakuna biyu ko uku a buɗe suna jira.

Abin da nake so in kwaɗaita miki a wannan makon shi ne ki nemo wannan sheƙar, ki ja yaranki ku riƙa kallonta daga ƙasa, minti goma da safe ko bayan la'asar, tun daga ranar da uwar ta kwanta kan ƙwai har ranar da 'ya'yan za su tashi. Ba ya cin data, ba ya cin kuɗin mota. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma da idon aikina nake duban abin. Gara yaro ya san sheƙa tare da uwarsa daga ƙasa, da ya gano ta shi kaɗai da ɗanƙo a aljihu. Uwar da ta ga yadda ake rabon abinci a sheƙa kuwa, za ta dawo ta sake duban yadda ake rabo a kwanon gidanta.

Ki fara gane ta

Zariya akwai tsuntsaye masu farauta iri-iri, yara kan haɗa su duka su ce shaho. Shirwa ba ta da wuyar ganewa. Jikinta ruwan ƙasa ne mai duhu, fukafukanta dogaye, in ta buɗe su sukan kusa mita ɗaya da rabi, amma duk da wannan faɗin nauyinta bai cika kai kilo ɗaya ba. Babbar alamarta ita ce wutsiya. Tsakiyar bakin wutsiyar a shige yake ciki kamar an datse da almakashi, kuma in tana shawagi za ki ga tana murza ta hagu da dama kamar direba da sitiyari. Ba ta cika kaɗa fiffike ba. Iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa take hawa, shi ya sa sai hantsi ya ɗaga ake ganinsu da yawa a sama.

Ki dubi bakinta in ta sauka kusa. Wadda ke sheƙa a ƙasarmu bakinta ruwan ɗorawa ne. In kin ga mai baƙin baki, ko dai matashiya ce da ba ta gama girma ba, ko kuma baƙuwa ce, domin akwai 'yan'uwanta na Turai da ke ƙetaro hamadar Sahara su yi hunturu a Afirka su koma. Macen ta ɗan fi namijin girma, kamar yadda yake ga yawancin tsuntsaye masu farauta. In kun ga su biyu a reshe ɗaya, ki sa yara su faɗa miki wace ce uwar.

Ina sheƙar take?

Da rani shirwa ke sheƙa a wurinmu, daga sanyin hunturu zuwa zafin bazara. Doguwar bishiya take nema mai rassa da suka yi gwafa, irin su maɗaci, turare, rimi, ko tsohuwar darbejiya, wani lokaci har dogon ƙarfen sabis. Don haka in a Tudun Wada kike, ki riƙa ɗaga kai a wuraren da tsofaffin itatuwa suka rage: wajen harabar Kongo, wajen kwalejin Barewa, bakin Kubanni, da harabar tsofaffin makarantu. A cikin Birni kuwa, ai unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko daga bishiya suka samo sunansu.

Alamomi uku za su taimaka miki. Na farko, shirwa ɗauke da ƙirare ko tsumma a ƙafa tana komawa bishiya ɗaya a kai a kai. Na biyu, farin kashi da ya ɓata ƙasa ko katanga a gindin bishiyar, tare da wasu 'yan dunƙule-dunƙule na gashi da ƙananan ƙasusuwa, wato abin da cikinsu bai narkar ba suka amayo. Na uku, kukanta, wani siririn fito mai karkarwa da takan yawaita in tana kusa da gida.

Sheƙar kanta ba ta da kyan gani. Tulin ƙirare ne, an shimfiɗe cikinsa da tsumma, takarda, leda, har busasshen kashin dabbobi. Amma wannan tarkacen ba banza ba ne. A shekarar 2011 wasu masana suka wallafa binciken da suka yi kan shirwar dajin Doñana a ƙasar Sifaniya, inda suka gano cewa tana zaɓen farar leda ta ƙawata sheƙa da ita, kuma waɗanda ke kan ganiyar ƙarfinsu su ne suka fi zuba ledar, matasa da tsofaffi kuwa ba su cika sawa ba. Wato ledar tamkar sanarwa ce ga sauran shirwa cewa mai gidan nan ba kanwar lasa ba ne. Sheƙar da ta yi albarka ana yawan komawa cikinta wata shekarar, a ƙara mata ƙirare. In kin gano ɗaya bana, mai yiwuwa kin samu wurin kallo na shekaru, muddin ba a sare bishiyar ba.

Wata guda na kwanci, mako bakwai na reno

Ƙwai biyu ko uku take yi, ba rana ɗaya ba, akan samu kwana biyu ko uku tsakaninsu. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa. Kwanci na ɗaukar kimanin wata guda, kuma macen ce ke yin mafi yawansa. A wannan lokacin ba abin da za ku gani daga ƙasa sai kan uwar ko bakin wutsiyarta. Namijin ne ke fita nema, ya kawo mata, wani lokaci ya karɓe ta na ɗan lokaci ta miƙe ƙafa. Nan ne yara za su fara ƙosawa su ce ba a komai. Ki ce musu su ƙirga kwanaki.

Ranar da kuka ga uwar ta daina kwanciya shiru, ta tsaya a gefen sheƙa tana sunkuyar da kai ciki tana ɗagowa, to an ƙyanƙyashe. A makon farko ɗan shirwa ɗan dunƙulen auduga ne, kansa ma da ƙyar yake ɗagawa, kuma ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, don haka uwar ba ta nisa. Uban ya kawo ɓera ko ƙadangare ko guntun kayan ciki daga kwata, ita kuma ta take da ƙafa, ta yago ɗan ƙanƙanin nama mai laushi, ta karkata kai ta miƙa masa a baki. Ƙashi da fata ita ke haɗiye su. Duk wadda ta taɓa murje dankali da cokali don ɗan wata bakwai za ta gane wannan aikin.

A mako na biyu da na uku za ku fara hango kawunansu sun leƙo. A ƙasan wuyan kowanne akwai 'yar jakar ajiyar abinci, in ya ƙoshi sai ta kumbura kamar an cusa masa lemon tsami. Da wannan za ku gane wanda ya ci da wanda bai ci ba. Ba mai kai musu ruwa can sama, daga naman suke samun ruwan jikinsu. In rana ta take, za ku ga uwar ta juya wa rana baya ta ɗan saki fukafukai ta yi musu laima, ita tana haki su suna inuwa. Akwai kuma abin da ke ba yara dariya: tun suna ƙanana in za su yi kashi sai su ja da baya zuwa bakin sheƙa su harba waje. Ba wanda ya koya musu.

Wajen ƙarshen mako na uku gashin gaske ke fara tsirowa ta cikin audugar, su kuma fara tsayawa da ƙafafunsu. Daga nan cinsu ke ƙaruwa sosai, har abin ya fi ƙarfin uban shi kaɗai, uwar ma ta fara fita nema. In sun shiga mako na biyar, sai a fara ajiye musu abinci a bar su su yaga da kansu. A lokacin ne suke fara atisaye: su riƙe ƙirare da ƙafa su yi ta kaɗa fiffike, su yi tsalle su dawo. Tsakanin mako na shida da na bakwai sai su fara takawa zuwa rassan da ke kusa, yau wannan reshe, gobe na gaba, har ranar da ɗaya zai saki bishiyar. Tashin farko ba shi da kyau, saukar ta fi muni, amma ya tashi.

Ko bayan nan ba a sallame su ba. Sukan yi makonni suna dawowa bishiyar suna kuka, iyayen na kawo musu, ana rage musu sannu a hankali har su iya nema da kansu. Yaye ne, kuma ba na dare ɗaya ba.

Babba ke fara ƙoshi

Mu koma kan ƙwan nan da ba a yi su rana ɗaya ba. Tunda uwar kan fara kwanci kafin ta gama saka ƙwai, ba rana ɗaya suke fashewa ba. Na farko yakan girmi na ƙarshe da 'yan kwanaki, kuma a sheƙa kwana uku ba ƙaramar tazara ba ce. Babban ya fi tsawon wuya, ya fi ƙarfin turawa, wani lokaci har saran ƙaninsa yake yi. Uwar kuma bakin da ya fi matsowa take ba. In abinci ya wadata, babba ya ƙoshi ya kwanta, ƙarami ya samu. In shekarar ta yi tsanani, ƙaramin yakan yi ta ramewa har wata rana a daina ganin kansa. Ki shirya wa wannan, domin yara za su tambaye ki ina ya tafi. Ki faɗa musu gaskiya da lafazin da ya dace da shekarunsu.

Wannan ne wurin da kallon sheƙa ya fi taɓa ni, domin ina ganin irinsa a wurin aiki. Uwa ta kawo ɗan shekara ɗaya da rabi ya rame, ta rantse ana dafa abinci sau uku a gidan, kuma gaskiya ta faɗa. In kika bi diddigi sai ki tarar a tire ɗaya yake ci da yayyensa huɗu. Kafin ya kai loma biyu bakinsa, masu shekara bakwai da tara sun share tiren, nama ko wake da ke sama kuwa tun a minti na farko suka tafi. Ba wanda ya zalunce shi da gangan. Hannunsa ne gajere.

Shirwa ba ta da yadda za ta yi, ke kina da shi. Ki ware wa ƙaramin yaro kwanonsa shi kaɗai, ki zauna kusa da shi, ki ga abin da ya ci da idonki. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla har wata 6. Daga wata 6 zuwa 8 a ƙara da abinci mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 zuwa 23 kuma sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani, ana ci gaba da ba da nono har shekara 2 ko fiye. Kunun ya zama mai kauri, ba tsululu ba, a sa masa gyaɗa ko garin waken suya ko dakakken busasshen kifi, a samu ƙwai ko wake ko ganyen zogale gwargwadon hali. Kamar yadda kuke duban jakar wuyan ɗan shirwa ku gane ya ci, haka katin awo yake gare ki. In an auna shi wata biyu a jere nauyi bai ƙaru ba, ko kika ga ƙafafunsa sun kumbura, kada ki jira, ki kai shi asibiti a duba ko tamowa ce.

Daga ƙasa ake kallo

Wannan ita ce dokar da ba sassauci. Kafin ki nuna wa yaro sheƙa, ku yi alƙawari: ba hawa, ba jifa, ba ɗanƙo, kuma ba gaya wa abokan da aka san halinsu. Sheƙar shirwa ta fi rufin bene tsawo, kuma uwa mai 'ya'ya takan kai wa mai hawa sura a ka. Yaro ya firgita ya saki reshe, shi ke nan. In tsautsayi ya faɗa, ki lura da amai, yawan barci, suma, jijjiga, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci. Ko ɗaya kika gani, asibiti kai tsaye. In karaya ce, a fara ɗaukar hoton ƙashin. Ɗaurin da aka matse da ƙarfi a kan kumburi yana iya datse hanyar jini, kuma yara da dama sun rasa hannu ta wannan hanyar, ba don karayar kanta ba. Dutsen ɗanƙo kuwa ba ya tambayar idon waye, kuma idon da ya fashe ba ya dawowa.

Ku tsaya nesa, kamar tazarar gida uku ko huɗu, a wuri ɗaya kullum don su saba da ku. In uwar ta tashi tana zagaye kanku tana kuka, kun matso da yawa, ku ja baya, domin duk mintin da ta yi a sama 'ya'yanta na cikin rana, hankaka kuma na jira. Wayarki za ta iya jawo hoton kusa, in kuma akwai madubin hangen nesa a gida ko a makarantar yaran, ya fi. In farce ya yagi wani, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a je a duba maganar allurar tetanus.

In kun tsinci ɗan shirwa a ƙasa da cikakken gashi, mai yiwuwa koyon tashi yake, iyayensa na kusa. Babban mutum ya ɗauke shi da tsumma ya ɗora a reshe ko katanga inda kare da kyanwa ba za su kai ba, a bar wurin, a wanke hannu. Mataccen tsuntsu kuwa ko marar lafiya, kada yaro ya taɓa. Kada mu manta a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a wata gonar kaji da ke Jaji, nan kan hanyarmu ta Kaduna.

To, 'yan tsakina fa?

Ba wanke shirwa nake yi ba, tana ɗaukar 'yan tsaki, kuma ga mai kaji goma asarar uku ba wasa ba ce. Amma rushe sheƙa ɗaya ba ya kare tsakar gida, gobe wata za ta zo. Abin da ke aiki shi ne a killace 'yan tsaki a akurki mai raga ko ƙarƙashin babban kwando a makonni huɗu zuwa shida na farko, a ba su abinci da ruwa a ciki. In sun yi gashi sun yi wayo, sun fi ƙarfin sura.

Sannan ki dubi sauran abin da ake kaiwa sheƙar. In kun yi mako guda kuna rubutawa, za ku ga ɓeraye, ƙadangaru, fara, mushen da mota ta take, da ragowar kwata da na bola. In ana ƙona daji za ki ga shirwa sun taru a gaban wutar suna cafke farar da ke gudu, haka ma in shinge ya tashi a farkon damina. Mai shara ce da ba a biya. A tsohon birnin Delhi na Indiya ma, Musulmin wurin sun daɗe da al'adar jefa wa shirwa gutsattsarin nama sama a matsayin sadaka, kuma birnin na cikin wuraren da suka fi yawan shirwa a duniya.

Kada ki ce ai suna da yawa, ba za su ƙare ba. Haka muka ɗauki ungulu. Mu da muke cikin shekaru talatin da ɗoriya mun taso muna ganinsu jere a kan rufin kwata da bayan kasuwa. Yau ki tambayi ɗanki ko ya taɓa ganin ungulu da idonsa. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun garuruwanmu a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Farautarta don sayar da sassan jikinta, da guba, da sare manyan itatuwa su suka cinye ta, ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Duk tsohuwar bishiyar da aka kayar don a yi shago ko a samu itacen girki, gidan wani aka rushe.

Baƙon da ke girma a bakin ruwanmu

Shirwa na da wani ɗan'uwa na nesa da ya kamata yara su ji labarinsa, wani shaho mai kamun kifi da Turawan Ingila ke kira osprey. Bayansa ruwan ƙasa ne, cikinsa fari tas, da baƙin layi da ya ratsa idonsa kamar an ja masa kwalli. Kifi ne kusan dukkan abincinsa. Yakan tsaya cak a sama da ruwa, ya faɗo da ƙafafu a gaba, wani lokaci ya nutse gaba ɗaya. Tafin ƙafarsa na da kaushi don kada kifi ya sulluɓe, yana iya juya yatsa ɗaya baya ya riƙe da biyu gaba biyu baya, kuma in zai tashi sai ya juya kan kifin ya fuskanci gaba don iska kada ta tare shi.

Ba ya sheƙa a Najeriya. A ƙasashe irin su Finlan, Suwidin, Jamus da Sukotlan ake ƙyanƙyashe shi. Renonsa kamar na shirwa ne: ƙwai biyu ko uku, kwanci na mako biyar da 'yan kwanaki, uba na kawo kifi uwa na yagawa, a tashi a mako na bakwai ko na takwas. Bambancin na ƙarshe ne. Uwar ce ke fara kama hanyar Afirka, ta bar uban yana ciyar da su. Daga baya kowane ɗa ya tashi shi kaɗai, ba jagora, ya yi tafiyar fiye da kilomita 4,000, ya ƙetare teku da Sahara, ya sauka a koguna da tafkunan Afirka ta Yamma, daga Senegal da Gambiya har Najeriya da Kamaru. Kuma ba ya komawa a shekarar farko. Yakan zauna a nan har ya kusa shekara biyu. Wato a Turai aka haife shi, amma a bakin ruwanmu yake zama saurayi. In hanya ta bi da ku ta bakin dam ko babban kogi tsakanin Oktoba da Maris, ku duba kan busassun itatuwa, ana iya dacewa.

Labarinsa a Sukotlan darasi ne gare mu. Harbi da satar ƙwai suka sa ya daina sheƙa a ƙasar wajen 1916. A 1954 wasu biyu suka dawo suka yi sheƙa kusa da tafkin Loch Garten, ɓarayin ƙwai suka sake bin su, har sai da 'yan sa-kai suka riƙa gadin bishiyar dare da rana. A 1959 aka buɗe wa jama'a su zo su kalla daga nesa, mutum kusan 14,000 suka je a wannan shekarar. Yau sheƙunansa a ƙasar sun haura 200. Kallo daga nesa ya taimaka wajen ceto shi. Yanzu an kafa kyamara a kan wasu sheƙunan, ana nuna su kai tsaye a YouTube daga Afrilu zuwa Agusta, daidai lokacin da sheƙar shirwarku ta zama kango. Minti biyar ya isa yara su kwatanta renon kifi da renon ɓera.

Littafi ɗaya da fensir

Kallon sheƙa ba baƙon abu ba ne a Zariya. A shekarun 1960 wani masanin tsuntsaye mai suna Hilary Fry, da ke koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shafe shekaru yana bin wasu 'yan korayen tsuntsaye masu jan maƙogwaro da ke cin ƙudan zuma, waɗanda ke haƙa ramuka a gaɓar rafukan kewayen gari. Ya gano cewa a ramuka da dama ba uwa da uba kaɗai ke ciyar da 'ya'ya ba, akwai mataimaka daga dangi, kamar dai yadda ake turo wa mai jego ƙanwa ta taya ta. Binciken da ya wallafa a 1972 har yau masana na ambatonsa. A Jos kuma akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a ƙarƙashin jami'ar garin, inda matasan Najeriya, maza da mata, ke yin digiri na biyu a wannan fannin. Duk da zama a kalla a rubuta ake farawa.

Don haka ki saya wa yaran littafi mai ganye 20 da fensir. Kullum a rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa, kai nawa aka gani, me aka kawo, wa ya fara ci. Wanda bai iya rubutu ba ya zana. Mai ƙiriniyar cikinsu ki naɗa shi sarkin gadin bishiya, za ki sha mamakin yadda zai tsare ta daga 'yan ɗanƙon unguwa. In mako bakwai ya cika, ku zauna ku karanta daga farko, sannan ki ɗauko katin awon kowannensu ki nuna masa yadda shi ma ya fara.

In kin gano sheƙa a unguwarku, ki gaya mana irin bishiyar da 'ya'ya nawa kuka ƙirga, amma ki sakaya ainihin wurin. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare mana su daga tsautsayi.